Magoya Baya a Gonar Baba Idi

Daren Asabar, Ruwan Godiya

Yau na sha kunya. Filin ƙwallonmu gonar Baba Idi ce, aron rani. Jiya ruwa ya sauka, Baba ya ce shuka zai yi, sai muka mai da wasan yau garin Mairuwa. Ni sakataren ƙungiya na sanar da 'yan wasa, na manta da magoya baya.

Suka taho da ganguna, suka iske Baba da sungumi. Ya miƙa musu ƙoƙon iri, suka taya shi shuka.

Mu can aka zuba mana uku, babu mai ko tafa mana. Har yanzu zagi nake sha a waya.

Da magariba na gamu da Baba yana ta fara'a. Ya ce, "Sakatare, wasa na gaba ka sa shi lokacin noman firi, a taya ni cire ciyawa."