Takalman Dinya

Zuwa ga ɗana Hedley,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya can Kanada, kai da Marit da jaririn da Allah ya ba ku. Allah ya raya shi, ya ƙara wa mai jego lafiya. Mu nan Lincolnshire sai godiya. Tun da aka haƙe dankali ruwa bai ɗauke ba, gwiwoyina kuwa sun fi rediyo sanin ranar da zai sauko. Mahaifinka jiki da sauƙi, sai dai mantuwar ta ƙaru. Kwanan nan da sunan mahaifiyarmu yake kirana.

Ka ce mini a waya sunan dangin matarka yaron zai ɗauka, wai kada a yi masa irin tsokanar da ka sha a makaranta. Ban ga laifinka ba, amma raina ya sosu, ba zan ɓoye maka ba. Kai kaɗai ne namijin da ya rage mana. Masu sunanmu na Gozzard da ke kwance a maƙabartar coci sun cika layi guda, masu numfashi kuwa a garin nan daga ni sai mahaifinka, mu ma yamma ta yi mana.

Yaran da suke binka suna kukan dinya ba ƙarya suka yi maka ba. Ma'anar sunan ke nan, makiyayin dinya. Da ƙafa kakanninmu suke kora garke zuwa babbar kasuwar bayan girbi, tafiyar kwana da kwanaki. Ita kuwa dinya ba a halicce ta don doguwar hanya ba, tafin ƙafarta tsagewa yake yi. Sai a narka kwalta, a bari ta huce, a koro su ta ciki, su fito su bi ta kan yashi. Shi ke nan sun sami takalma. Ni ban riski tafiyar ba, jirgin ƙasa ya kashe ta, amma Kaka Cuthbert yakan gwada mana a tsakar gida. Har gobe in na ji warin kwalta a titi sai in ji muryarsa yana zagin wani ƙaton dinya: "Wuce mana, sarkin taurin kai, kai kaɗai ne mai ƙafa?" Wata rana mahaifinka ya tuɓe takalmi ya bi sahunsu, Mama ta wuni tana kankare shi da man shanu tana sababi. Ina kewar zamanin nan ƙwarai.

Daga nan muka gaji abin da muke yi wa jarirai ranar baftisma, a shafa musu yashin tsakar gidan a tafin ƙafa, saboda hanya da nisa. An yi mini, an yi maka. Da na gaya wa mahaifinka ya yi jika, ban taɓo zancen suna ba. Mutumin da ba ya tuna ko ya ci abinci, sai ya dube ni tar, ya kira sunana daidai, ya ce, "To, Thora, an sa masa takalmi kuwa?" Ya jawo sandarsa ya fita cikin ruwan, na hana ya ƙi, ya durƙusa da ƙyar ya ɗebo yashin da hannunsa.

Shi ne ka gani ƙulle a ƙyalle cikin ambulan ɗin nan. Suna dai naku ne, ku sa masa wanda kuka ga dama. Amma Kanada da nisa take, Hedley, kada ka bar yaron nan ya taka ta ba takalmi.

Ka gaishe mini da Marit da iyayenta. Innarka Enid da 'yarta Maud suna gaisuwa.

Taka har kullum,
Gwaggonka Thora Gozzard