Dokar Da Na Rubuta Da Hannuna

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ku lafiya, ke da maigida da yara da Inna. Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan sai godiya. Babbar 'yarki ta shiga aji biyu, ta kuma gano cewa malamarsu ta fi ni sanin komai.

Auta ce ba lafiya. Kwana tara ke nan tana tari, zazzaɓi ya sauka da safe ya dawo da la'asar, bai taɓa makara ba. Likita ya ce ciwon huhu ne, a riƙa kai ta allura kullum ƙarfe goma, bayan nan ta yi mako uku a gida. Na tambaye shi ko allurar ba ta aiki da yamma, ya ce mai yin ta ce ba ta aiki da yamma. Gidan reno kuma sun ce kada mu kawo ta sai ta warke sarai.

Kin san a sashen kula da ma'aikata nake. Shekara takwas da suka wuce, ina sabuwar fitowa daga jami'a, ba ciki ba goyo, aka ce in tsara dokar fashin aiki. Na rubuta cewa ba a karɓar takardar likita sai in ma'aikacin ne da kansa ba lafiya, kuma wanda ya sami gargaɗi uku a shekara ba za a sabunta masa aiki ba. Har yabona aka yi a taro. Shekaranjiya shugabarmu ta kira ni, ta tambayi jikin yarinya, ta yi mata addu'a, sannan ta ce tunda ni ke buga takardun gargaɗi, in bugo tawa ta biyu ta sa hannu. Ta ce, "Da wata ce, sai in ce ba ta san doka ba." Na buga, har na gyara wani kuskuren rubutu a ciki.

Baban yara ya yi fashin kwana biyu, makarantar da yake koyarwa suka ce ana jarrabawa, in ya ƙara ya nemi wani allon. Yanzu da safe kafin mu gaisa sai mun duba wa ya fi kusa da kora ya tafi aiki, ɗayan ya zauna da Auta.

Shi ya sa nake roƙon ki ba ni aron Inna na mako uku. Na san ita ke riƙe miki tagwaye in kin fita aiki, na kuma san irin shugaban da Allah Ya haɗa ki da shi. In kin ce a'a ba zan ji haushi ba. In kin ce to, ke kika shiga inda nake. Na juya maganar ta kowane gefe, ban ga inda ba ta taka wata a cikinmu ba.

Ki gai da maigida da tagwaye da Gwaggo. Inna kuwa gaisuwa kaɗai za ki isar mata. Kada ki karanta mata takardar nan sai kin yanke shawara, don kin san halinta, kafin ki kai ƙarshe ta ɗaure kaya.

Ƙanwarki,
Maman Auta