Laktayen da Saloma Ba Ta Gama Ba

Talata, 2 ga Afrilu, 2024

Ɗiyata Jessica ta kira daga Birnin Kebbi. Saura kwana ashirin da biyar aurenta da Innocent. Ta ce baƙin kwat ɗina ya isa, amma in nemi laktaye shuɗi mai duhu, don shi ne kalar bikin. Na ce to.

Ban gaya mata ba cewa shekara talatin da ɗaya rabona da sayen laktaye. Tun ranar da aka ba ni hedimasta uwarta ke saƙa mini da hannunta. Goma sha huɗu ne rataye a bayan ƙofa, babu shuɗi ko ɗaya.

Yau wata uku da muka binne matata Saloma.

Alhamis, 4 ga Afrilu

Maɓalli nake nema, na buɗe kwandon saƙarta. Ga shi can ƙasa, an naɗe shi da tsohon ɗankwali. Laktaye shuɗi mai duhu, tsawonsa bai fi taƙi biyu ba, kwarashin na soke a jiki, sauran zaren na dunƙule a gefe.

Ashe kin fara, Saloma. Ashe kin san kalar tun kafin ni.

Na zauna bakin gado da shi a hannu har shayina ya huce.

Asabar, 6 ga Afrilu

Na kai wa Theresa a Rikoto. Ita ce aminiyar Saloma tun suna 'yan mata, tare suke zumuntar mata a coci, kuma ita ma ta iya saƙa. Na ce ta ƙarasa mini.

Ta sa tabarau, ta shimfiɗa shi a cinya, tana bin sa da yatsa. Ta ce zaren mai kyau ne, audugar gaske. Sai ta tsaya. Ta nuna mini ƙasan, saƙa a matse, layi-layi kamar kunya a gona. Daga tsakiya zuwa sama kuwa ya saki, wani ido babba wani ƙarami.

"A nan hannunta ya fara ƙin bin ta," in ji ta.

Na ce ai sai a Disamba ciwon ya bayyana, kuma tun daga lokacin ba ta sake taɓa kwarashi ba. Na tambayi Theresa yaushe ke nan, ta kau da kai. Na sake tambaya. Ta cire tabarau.

Tun Oktoba. Tafiyar da suka yi Sakkwato, wadda aka ce mini taron zumunta ne, asibiti suka je. Likita ya faɗa musu komai. Saloma ta sa ta rantse ba za ta gaya mini ba.

Na ɗauki laktayen na fito. Ban yi mata sallama ba.

Lahadi, 7 ga Afrilu

Ban je coci ba.

Talata, 9 ga Afrilu

Wata biyu. Wata biyu kina dafa mini tuwo, kina wanke mini kaya, ni kuma ina can ina ta faman dawar gonar Dabai, in dawo in yi mitar miya ba gishiri. Har faɗa na yi miki ranar da kofi ya suɓuce daga hannunki.

Shekara bakwai na yi golmo, noman neman aure, a gonar babanki kafin a ba ni ke. Ban taɓa ƙirga su a matsayin wahala ba. Amma wannan wata biyun da kika ɗauke mini, ban san inda zan ajiye su ba.

Zafi ya yi yawa. Ba wuta tun jiya.

Juma'a, 12 ga Afrilu

Na je shagon Obinna a bakin kasuwa. Na koyar da 'ya'yansa biyu, har yanzu Hedimasta yake ce mini. Na ce laktaye saƙaƙƙe nake so, shuɗi. Ya sauko da kwali uku ya baje a kan tebur.

"Hedimasta, wane iri? Akwai siliki, akwai ulu, akwai auduga, akwai mai roba."

Na tsaya kamar ɗan aji ɗaya. Shekara talatin ina ɗaura abu a wuya ban san sunan zarensa ba.

Ya ce ulu na sanyi ne, in na sa shi a wannan zafin zan narke kafin fasto ya gama addu'ar buɗewa. Mai roba kuma ƙyalli kawai, wanki biyu zai yi gashi. Ya sa mini na siliki a tafin hannu ya ce in matse. Na matse, ya yi wani ɗan ƙaras-ƙaras kamar an taka busasshen ganye. Ya ce haka na ƙwarai ke yi, in bai yi kuka ba ƙarya ne. Ya nuna mini yadda ake ja a saki, a gani ko zai koma yadda yake. Ya juya bayan ya nuna ɗinkin, da ɗan ƙyallen da ake sawa wurin wuya don kada ya miƙe.

Yana cikin bayani ya ce, "Amma duk wannan bai kai na Mama ba. Ni na san hannunta."

Na ce zan dawo. Na fita na tsaya bayan motar masu doya har idona ya bushe.

Litinin, 15 ga Afrilu

Na yi wa Jessica abin da bai kamata ba. Ta kira ta tambayi laktaye, na ce ba zan sa ba, kaftani zan sa, in kuma bai yi mata ba kawunta Francis ya riƙe hannunta zuwa gaban coci. Na kuma tambaye ta ko ita ma ta sani tun Oktoba, tunda nas ce.

Ba ta sani ba. Daga bakina ta ji. A waya, tana wurin aiki.

Ta ce, "Baba, ni ma fa uwata ce ta mutu." Ta kashe.

Na kira sau huɗu, ba ta ɗauka ba.

Laraba, 17 ga Afrilu

Theresa ta zo da rana, da kwanon fate. Ba ta jira na ba ta kujera ba.

Ta ce in ina so za ta warware saman da ya saki, ta ɗora daga inda yake da kyau, zaren zai isa, kwana biyar ta gama. Ba wanda zai gane.

Na ce a'a. Wurin da ya sakin nan shi ne na ƙarshe da hannunta ya taɓa. Ba za a warware ba, ba kuma za a ɗora wani hannu a kai ba.

Ta gyaɗa kai. Da za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Baban Jessica, ka san abin da ta ce mini a mota? Ta ce in Haggai ya ji zai daina cin abinci, ya bar dawa ta lalace a gona, ya sa a ɗaga auren yarinya. Bari ya gama girbi tukuna."

Haka kuwa da zan yi. Duka ukun. Abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Na ci faten. Rabin kwano.

Alhamis, 18 ga Afrilu

Jessica ta ɗauka. Na ce ta yafe mini. Mun yi kuka, kowa a nasa gefen wayar. Ta ce in sa duk abin da na ga dama, in dai ni ne zan riƙe hannunta.

Asabar, 20 ga Afrilu

Na koma wurin Obinna. Yana ta tura mini na siliki, wai shi zai fi fitowa a hoto. Na matse, na ja, na juya baya na duba ɗinki kamar yadda ya koya mini. Yana da kyau, amma ƙyallinsa na samari ne.

Na ɗauki na auduga. Shuɗinsa a kwance yake, saƙar a matse, bakinsa a yanke ɗaya ba tsini. Na farko da na ɗaga, zare ya zaro a gefe, na nuna mishi. Ya yi dariya ya ce, "Hedimasta ya zama ɗan kasuwa." Ya tono wani daga ƙasan kwali. Na ɗaga shi a hasken ƙofa, rana ba ta ratsa shi ba.

Na gwada a madubin shagon. Ƙulli ƙarami ya fi karɓarsa. Ya fi naki sirantaka, Saloma, kuma yana ɗan kartar wuya. Da kin ce inji ne ya saƙa, inji ba ya sanin wuyan mutum.

Shi na zaɓa.

Juma'a, 26 ga Afrilu

Gida ya cika. Dangin Saloma sun iso daga Kanya da Mahuta. Kowa na tambaya ta inda ake ajiye manyan tukwane, ni kuwa ban sani ba.

Lahadi, 28 ga Afrilu

An ɗaura jiya.

A ƙofar coci, kafin a fara waƙar shiga, Jessica ta juyo ta dube ni sama da ƙasa. Ta miƙa wa ƙawarta furen hannunta, ta gyara mini ƙullin, ta ja shi hagu kaɗan. "Wa ya zaɓa maka?" Na ce ni. Ta ce, "Kai Baba!" Ta yi dariya hawaye na zuba, mai kwalliya na ta faɗa a bayanmu.

Da fasto ya tambayi wa ya ba da wannan ɗiya, na ce ni da uwarta. Ban shirya faɗin haka ba. Sai Theresa ta rangaɗa guɗa.

Na jiƙe da gumi har cikin kwat. Obinna ya yi gaskiya, da na ulu na sa da na narke.

Alhamis, 2 ga Mayu

Ruwan farko ya sauka jiya da la'asar. Baƙi duk sun watse.

Da safe na je Dabai na duba gona. Ƙasa ta sha sosai. Na yi magana da mai shanun huɗa, zai shigo ranar Litinin. A hanyar dawowa na tsaya na sayi gyaɗar iri, tunda Saloma ta sha cewa ɓangaren gabas ya gaji da dawa.

Sai da na iso gida, na yi wanka, na ci abinci, sannan na lura tun daga Dabai nake fito. Waƙar bikin nan ce ta maƙale mini a kai. Ba wani abu ba ne.

Gobe in mayar wa Theresa kwanonta.