Kawu Ya Bi Dutse

Zuwa ga Yaya Bulus,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya sanyin Jos? Yaya uwargida da yara? Mu nan Funtuwa lafiya lau, an gama cirar auduga.

Ka tuna dutsen da ɗan majalisarmu ya aza a bayan kasuwa wancan zaɓe, ya ce masaƙar zamani za a gina? Tun ranar Kawu Audu ya naɗe kayan saƙarsa, ya ɗinka kaki, wai shi ne maigadi. Da ma yadin kanti ya kashe masa kasuwa.

To, shekaranjiya 'yan jam'iyya suka zo da mota, suka tone dutsen, suka wanke shi tas. Wai unguwarmu ta saurari 'yan adawa, don haka a Malumfashi za a sake aza shi. Rami suka bar mana, har akuyar Inna ta faɗa ciki.

Kawu ya sa kakinsa, ya haye keke. Na ce, "Kawu, ina zuwa?" Ya ce, "Ke Ladi, an yi wa ma'aikatarmu taransifa, ni in zauna?"

Ka taya mu addu'a kada dutsen nan ya zarce Katsina, ka dai san gwiwar Kawu. A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Ladi