Kwalbar Tana Hannunki

Zuwa ga matata Naja'atu, inuwar gawo a tsakiyar rani, ruwan randa bayan wunin noma, hasken idona da ya koma gidan iyayensa a Birnin Tsaba ya bar ni da gidan da ba motsi!

Ajalin shekara da alƙalin Zurmi ya ba ni saura kwana goma sha tara. Ya ce in ya cika ban iya kusantarki ba, kina da damar a raba mu. Ban ga laifinki da kika kai ƙara ba. Wace mace ce za ta shekara biyu kusa da miji kamar ƙanwarsa?

Kin tuna ranar da muke sussukar gero, na tsaya cak, idona a buɗe amma ba na nan, yatsuna na tsinkar rigata? Matan gidan suka watse. Ke kika jira na dawo, sannan kika ci gaba da zancenki daga inda kika tsaya. Wallahi ranar na san ba ni da kamarki!

Mutanen gari sun ce aljana ce ta aure ni take kishi da ke. In gaskiya ne, ba ta da tarbiyya, don ko sallama ba ta yi. Ni dai abin da na sani, warin ƙonannen gashi ke fara zuwa, ba wuta ko'ina. Sai duniya ta ɗauke. Awaki na buɗe baki, ba kuka. Sai in farka da ƙasa a bakina, inuwa ta sauya wuri.

Likita a Kaura ya ce ba aljana ba ce, farfaɗiya ce, kuma ƙwayar da ke hana ni faɗuwa ita ke kashe mini sha'awa. Ya ce akwai wata ƙwayar daban, amma sauyi sai a hankali, wata uku ko fi. Ina zan samo wata uku?

Ga abin da na ɓoye miki, masoyiyata. Kwana goma sha ɗaya ke nan ban sha ƙwayar ba, duk da gargaɗinsa. Jikina ya farka, yana kiran sunanki! Amma warin ma ya dawo. Shekaranjiya da hantsi na faɗi taku biyu daga bakin rijiya. Ina jin tsoro, Naja'atu.

Na ba yayarki Saliha kwalbar maganin tare da wannan takarda. In kin aiko mini da ita, zan sha, in rayu, in tsaya gaban alƙali ba gardama. In kin kawo ta da kanki, kin ba ni wata ukun ke nan. In kuwa kin riƙe ta, ina zaune a ƙofar gida, in ga wanda zai riga zuwa tsakanin ke da abin nan.

Naki, a tsaye ko a ƙasa, har ranar da za a miƙe ni,
Maiwada