Gurbin Sunan Miji

Laraba, bayan isha'i

Yau na ƙulu. Anti Hauwa ta sa ni haɗa fom a shafin ƙungiyarsu ta masu gumin shinkafa, don rajistar matan da ruwa ya cinye wa gona, a ba su iri. Gobe za a rufe. Na jera gurabe, har da na sunan miji, na sa masa jan tauraro, wato dole a cike shi.

Da la'asar matan garin Guri masu son rajistar suka cika mana tsakar gida. Murya ƙasa-ƙasa na tambayi Gwaggo Talatu sunan mijinta. Ta ja mayafi ta rufe baki.

"Malam."

"Gwaggo, sunansa na yanka ake so."

"Ke, Zulai! Ni zan kama sunansa? Kwamfutar taki ta je ta tambaye shi, yana bakin kogi yana ɗinkin koma."

Aka kwashe da dariya, na rasa inda zan sa kaina. Kowacce daga Malam sai Alhaji. Muna wannan ja-in-ja motarsu ta zo, rabinsu ba su shiga rajistar ba.

Anti ta ce, "Wa ya ce ki sa gurbin nan?" Ba kowa, iyayina ne kawai. Na goge shi, gobe da sassafe zan bi su a waya ɗaya bayan ɗaya.

Haba! A littattafan soyayya mace sai ta rangaɗa sunan mijinta har da shagwaɓa. Don haushi yanzu na ce bari in rubuta na wanda nake so a nan, tun da ba mai gani. Wallahi hannuna ya ƙi.