Jitar Habu Ba Ta Magana

Daren Talata, Dugabau

Habu ya sayar da san nomanmu, a wannan tsadar, ya sayo jan jita mai sheƙi a Kano, wai irin ta Turawan da. Ƙanena ke nan, sarkin wayo! Zallar katako ce, ba ta da ƙoƙo irin na garaya, sai da lantarki take magana. Mu kuwa ko turken wayar wuta babu a garin nan.

Da la'asar Liman ya zo hana kiɗa, tunda shari'a ta zo. Habu ya kaɗa masa, sai ka ce kukan sauro. Liman ya kasa kunne, ya ce, "Malam Habu, wannan ai ba ta kai a hana ba."

Damina ta ƙarato. Ya ɗaura mata garma mu gani.